Amfilifayar jita: maɓallan gaba da ramukan baya

Assalamu alaikum. Ga amfilifayar jita nan a gabanmu, wato na'urar ƙara sautin jita, mai lasifika a jikinta, irin wadda masu jitar Agadez ke kafawa a filin biki.

Kada ka kunna tukuna. Juya ta, ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutar Najeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce. In 'yar gwanjo ce daga Amurka, za ka ga an rubuta 120V. Ka cusa irin wannan a soket kai tsaye, in ka yi sa'a fiyus kaɗai zai tsinke, in ba ka yi ba sai dai ka ji ƙauri. Dole sai da taransifoma mai rage wuta. In kuma janareta ne, bar shi ya daidaita kafin ka jona.

Yanzu mayar da maɓallan ƙara zuwa sifili. Sa waya a jikin jita, ɗaya bakin kuma a ramin da aka rubuta Input, sannan ka kunna. Cusa waya ko zare ta alhali ƙara tana sama shi ke kawo wannan "ɗas!" ɗin mai dukan lasifika. In ramukan biyu ne, High da Low, jita ta gama-gari High za ta shiga. Low na jita mai batir ne, wadda sautinta ya riga ya yi ƙarfi.

Ga inda mutane suka fi rikicewa: Gain da Master. Dukansu suna ƙara sauti, amma aikinsu daban. Gain yana bakin ƙofa, shi ke ƙayyade ƙarfin da sautin jita zai shiga da shi. Ɗaga shi ya wuce 6 ko 7, ka ji yadda sautin ya fara kaushi yana gurnani. Wannan ba lalacewa ba ce, da gangan ake nemansa. Master kuwa yana bakin fita, ƙarar da za ta kai kunnen jama'a kawai yake auna wa. To in sauti garau kake so, ajiye Gain a 2 ko 3, ka ɗaga Master. In mai kaushi kake so a ɗaki ba tare da ka tashi maƙwabta ba, Gain sama, Master ƙasa. Sai dai Gain yana ɗaga komai har da hayaniyar waya, kuma shi ke jawo kukan nan mai tsinin gaske idan jita ta fuskanci lasifika. Da ka ji ya fara, juya wa akwatin baya ko ka rage Gain.

Sai Bass, Middle da Treble. Sa su duka a tsakiya, wato a 5, ka riƙa murɗa ɗaya-ɗaya kana kaɗa tsirkiya guda. Bass kauri ne, in ya yi yawa sautin ya dagule. Treble kaifi ne, in ya yi yawa ya soki kunne. Masu koyo suna son kashe Middle, don yana da daɗi in kana kai kaɗai. Amma da zarar ganga da fiyano sun shigo, jitarka ta ɓace ɓat, domin muryar jita a tsakiyar take zaune. In ba a jin ka cikin ƙungiya, Middle za ka fara ɗagawa, ba Master ba. Reverb amsa-kuwwa ce, 2 ko 3 ta isa. A zauren siminti ma kashe ta, bangon zai yi maka ita kyauta.

Mu koma baya. Yawancin ramukan nan girmansu ɗaya, milimita 6.35, waya ɗaya za ta shiga kowannensu, kuma a nan ake ɓarna.

Phones na hedifon ne, a yawancinsu da ka cusa lasifika za ta yi shiru. Line Out sauti ne mara ƙarfi, shi ake kaiwa miksa, wato na'urar haɗa sautukan kayan kiɗa, ko na'urar ɗaukar sauti. In akwai rami mai ƙafa uku irin na makirufo, an rubuta DI, ya fi dacewa da waya mai tsawo, don ba ya kwasar hayaniya a hanya. Ka jona da miksa ka ji "huuum" ba ƙaƙƙautawa, danna maɓallin Ground Lift da ke gefensa. Kada ka karya ƙafar as ta fulogi, wato ƙafa ta uku mai kai wuta ƙasa, don maganin wannan gunji, ita ce ke tsakaninka da jan wuta ta tsirkiyar jita.

Send da Return ƙofar fita da dawowa ce ta na'urorin ƙawata sauti. Waya ta fita daga Send ta shiga na'urar, ta fito ta koma Return.

Speaker Out kuwa ƙarfi ne tsagwaronsa. Ka kai shi miksa, ka ƙona miksa. Lasifika kaɗai yake zuwa, da wayar lasifika mai kauri. Wayar jita siririya ce a ciki, tana iya yin zafi har ta narke. Dubi lambar da ke ƙarƙashin ramin: om 4, 8 ko 16, om kuwa ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta ne. Lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su gefe da gefe, wato parallel, sun zama om 4. Amfilifaya mai taransista da aka rubuta mata mafi ƙaranci om 8, ka ɗora mata 4, za ta yi zafi ta ɗauke ko ta ƙone. Mai kwalaben gilashi a ciki, wato mai bawul, tata dokar ta fi tsanani: lambar ta yi daidai da ta lasifika, kuma kada a taɓa kaɗa ta babu lasifika a jone, don taransifomar fitar da sauti ce za ta tafi, ita ce kuma mai tsadar. Irin wannan galibi tana da maɓallin Standby. Kunna Power, jira kamar minti ɗaya kwalaben su ɗumama, sannan ka buɗe shi.

In an tashi, rage Master zuwa sifili, kashe amfilifaya, sannan ka zare wayar jita. A zare fulogi daga soket kafin mai janareta ya kashe.