Shugaban Makaranta da Kujerar Bayan Aji

Assalamu alaikum. Malamai da iyayenmu da ke wurin nan, abubuwa uku zan kawo waɗanda ke ɗaga aikin malamin sakandare ko su durƙusar da shi, kuma na farkonsu shi ne shugaban makaranta.

Malamai ba sa bin abin da shugaba ya faɗa a wurin asambili, abin da yake aikatawa suke kallo. Na yi aiki ƙarƙashin wani dattijo, Allah Ya jiƙansa, wanda kafin bakwai da rabi yana tsaye a bakin ƙofa, kuma bai taɓa yi wa wanda ya makara faɗa ba, kunyar gaishe shi kaɗai ta ishe ka. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai kujerarsa ce. Yakan ɗauko ta da hannunsa ya zauna a bayan aji, ya saurari darasi har a kaɗa ƙararrawa. Wata rana bayan darasin lissafi ya kira ni ofis, mu biyu kawai, ya ce, "Malam, tambaya goma sha ɗaya ka yi, duka 'yan layin gaba ne suka amsa." Bai rubuta mini takardar tuhuma ba, bai kunyata ni gaban yara ba, amma tun daga ranar na daina manne wa allo, na shiga tsakanin bencina. Ku lura, shugabannin da ke nan, mu biyu kawai na ce. Gyaran da aka yi a gaban ɗalibai ba gyara ba ne, karya malami ne.

Na biyu, maganar sufetoci masu duba makarantu. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa sashensu, daga baya aka mayar da shi na tabbatar da inganci, da nufin makaranta ta fara auna kanta kafin na waje su zo su tantance. Manufa ce mai kyau. Sai dai mun san yadda ake yi: labari ya iso tun kwana biyu, a share fili, malami ya kwana yana cike littafin tsara darasi na wata guda. Sufeto ya duba rajista, ya ga sa hannu, ya tafi, alhali kujerar nan ta bayan aji babu wanda ya zauna a kanta. Rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista wadda aka kafa a 1993, ita ma shaida ce cewa mutum ya cancanci shiga aji, ba ta gaya mana abin da yake yi a ciki.

Saura na uku, amma ga wata Malama da tambaya. To, na'am Malama, muna saurare.

Ga waɗanda ke baya, Malama ta ce ɗalibanta sun haura ɗari a aji guda, shekara biyar ba ƙarin girma, ta yaya za a tuhume ta? Wallahi Malama kin yi gaskiya, kuma wannan ma a wuyan shugaba yake. Shi zai raba ajin ko da a inuwar bishiya ne, ya gyara jadawali kada a jibga miki darasi shida a jere, ya ɗauki fayil ɗinki da ƙafarsa zuwa ofishin shiyya, ya koma, ya sake komawa. Idan sufeto ya zo, ajinki za a fara kai shi ya ƙirga kawuna da kansa, ya rubuta a rahotonsa. Ga shi an kira la'asar, sauran tambayoyin sai mun dawo.