"Ƙofata a buɗe take": inda ake rasa gane jagorancin ɗaliban mastas da digirin digirgir

[Hoto: dogon baranda a jami'a, ƙofofin ofisoshin malamai a jere]

Jama'a, assalamu alaikum. Duk lokacin da maganar ɗaliban mastas da masu digirin digirgir ta taso, sai an rabu gida biyu. Ɗalibai su ce ana fifita wasu. Malamai su rantse ba sa bambanta kowa: "Ƙofata a buɗe take, mai tambaya ya zo." Sau da yawa kuma duk ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa. Yadda hakan ke yiwuwa shi za mu duba yau.

Bari mu wuce abin da kowa ya sani da sauri. Sufabaiza shi ne wanda sashe ya ɗora wa duba kundin bincikenka, ya gyara, ya sa hannu. Jagora shi ne mai nuna maka hanyar aikin: wace mujalla za ka tura wa takardarka, wane taro ya cancanci kuɗin motarka, wa za ka gaisar idan ka je. Wani lokaci mutum ɗaya ne ke yin duka biyun. Wani lokaci kuma, to, sa hannun kawai za ka samu.

[Hoto: akwatin imel, saƙonni na shigowa ɗaya bayan ɗaya]

A Amurka, wasu masu bincike uku, Katherine Milkman da Modupe Akinola da Dolly Chugh, sun tura wa farfesoshi fiye da 6,500 a jami'o'i 259 saƙon imel iri ɗaya sak: ɗalibi ne mai sha'awar digiri na uku, yana roƙon minti goma a tattauna. Babu ɗaliban a zahiri, suna kawai ake canzawa. Wani sunan na Bature ne namiji, wani na mace, wani na baƙar fata, wani na ɗan asalin Indiya ko Sin ko Latin Amurka. A sakamakon da suka wallafa a 2015, saƙo mai sunan Bature namiji ya fi samun amsa, kuma tazarar ta fi faɗi a jami'o'i masu zaman kansu da fannonin da albashi ke da tsoka, irin su kasuwanci.

Ku lura da inda abin ya faru. Babu fom, babu maki, babu kwamiti. A wurin da ba a rubuta wa doka ba ne, wurin da malami ke yin abin da ransa ya kwanta da shi.

Wani zai ce ai da sauƙi, a haɗa mace da mace, baƙi da baƙi. Binciken bai ba shi gaskiya ba. In ban da 'yan asalin Sin, rubuta wa farfesa irinka bai rage tazarar ba.

[Hoto: ɗalibi tsaye a bakin ofis, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, ya fasa]

To, a nan za mu zauna, don nan ne ake kuskuren.

Karatun digiri na biyu da na uku cike yake da ƙa'idojin da babu su a kowane littafin jami'a. Cewa kana iya tura wa malam babin da bai kammala ba. Cewa idan mujalla ta ƙi takardarka, farfesan da kansa an sha yi masa haka, gyara ake yi a tura wata. Cewa akwai kuɗin zuwa taro, amma sai wanda ya tambaya. Cewa wasiƙar shaida makonni kafin ranar rufewa ake nemanta. Cewa idan malam ya yi shiru mako uku, tunatar da shi ba rashin kunya ba ne. Cewa maganar sunan wa zai zo farko a takarda tun kafin a fara rubutu ake yin ta.

Wa ya san waɗannan? Wanda mahaifinsa malamin jami'a ne. Wanda a sashen ya yi digirin farko. Wanda ke zaman hira da malam da yamma, har ya raka shi mota. Da ɗan gari kan ci gari.

Wa bai sani ba?

[Hotuna a jere, a bar kowanne ya ɗan tsaya]

Wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Matar da ƙarfe huɗu za ta ɗauko yara, wadda kuma ba za ta zauna ofishin namiji bayan magariba ba, ko da can ne ake raba labarin tallafin karatu. Ma'aikacin da daga wani gari yake zuwa ranar Asabar kawai. Mai keken guragu, ofishin kuma yana hawa na uku. Da wanda aka rena a kan cewa ba a yi wa babba tambaya sau biyu.

Buɗaɗɗiyar ƙofa tana amfanar wanda ya riga ya san abin da zai tambaya. Kamar a ba ka tsarin girki a ce "zuba gishiri daidai misali". Wanda ya tashi a bakin murhu ya gane, saura kuma sai su ɓata miya a ce ba su iya ba.

Shi ya sa matakin farko na jagorancin da ke tafiya da kowa abu ne mai gundura: a rubuta. Takarda ɗaya tsakanin malam da ɗalibi. Sau nawa za a haɗu a wata, a wane lokaci. Kwana nawa gyara zai ɗauka kafin ya dawo. Ta waya ake neman malam ko ta imel. Yaya ake jera sunaye a takarda. Idan aka saɓa, wurin wa za a je. A ba kowa kwafi a ranar farko. Idan wata dama ta taso, a sanar da duk ɗalibai lokaci guda. A sa ganawa cikin jadawali, kada ta dogara da wanda ya fi ƙarfin halin ƙwanƙwasa ƙofa.

Bayan nan sai a tambayi kowa shi kaɗai: ina kake son zuwa, me ke tare maka hanya? Amsoshin za su bambanta, taimakon ma zai bambanta. Ma'aunin ingancin aiki dai ɗaya ne ga kowa, ba wanda aka rage wa.

Ni a ganina takardar nan malamin ma take karewa. Ranar da aka ce yana son kai, yana da abin nunawa.

[Hoto: malamai zaune a da'ira a ɗakin horo]

Ana koyon abin kuwa? Ana koya. Jami'ar Wisconsin da ke Madison ta fitar da manhajar horar da jagorori tun 2005. A wani gwaji da aka wallafa a 2014, an ɗauki jagorori 283, kowanne da wanda yake jagoranta, a cibiyoyi 16, aka ba wasunsu horon awa 8, aka bar sauran. Waɗanda aka horar sun ce sun ƙaru, na ƙarƙashinsu ma sun ce sun ga canji. Ma'aunin dai abin da mutane suka faɗa da bakinsu ne, don haka a ɗauka da lura. A 2024 hukumar NSF mai ba da tallafin binciken kimiyya a Amurka ta sa sharaɗi: duk mai neman kuɗin da zai ɗauki nauyin ɗalibin mastas ko na digirin digirgir, sai ya haɗo da rubutaccen tsarin jagoranci.

[Hoto: ofis, masana'anta, gona, asibiti, da sauri]

Saura batun bayan jami'a. A 2017, cikin masu digiri na uku a kimiyya da injiniyanci da lafiya a Amurka, kashi 43 cikin 100 ne ke aiki a makarantu, kashi 42 a kamfanoni masu zaman kansu. Farfesan da bai taɓa aiki a wajen jami'a ba, Allah ya saka masa, ba zai iya nuna maka wannan hanyar ba. Don haka kada ka ɗora wa mutum ɗaya komai. Nemi mai karanta rubutunka, da wanda ya riga ka da shekara biyu, da mai aiki a inda kake hari, da wanda zai ambaci sunanka a zaman da ba ka nan.

Mata masu binciken noma kuma, ku duba shirin AWARD da ke Nairobi, wanda tun 2008 yake haɗa kowace wadda ya ɗauka da jagora. Masu binciken lafiyar al'umma su duba CARTA, shirin haɗin gwiwa na horar da masu digiri na uku a Afirka, wanda Jami'ar Ibadan da Jami'ar Obafemi Awolowo ke cikinsa.

[Hoto: samfurin takardar yarjejeniya ya cika allo]

Ga samfurin takardar nan a allo. Ku tsayar da bidiyon ku kwafa, ku kai wa malam a ganawa ta gaba. A fara da gaisuwa dai, kafin a fito da takarda.