Amsoshin Tambayoyinku: Muryar da Ke Canzawa Wajen Ɗanɗana Fayil

To jama'a, lokaci ba ya jira, mu shiga saƙonninku.

Wani ɗalibi daga Damagaram yana tambaya ko dole ne ya riƙa naɗar murya a kilohaz 96, wato gutsattsarin sauti 96,000 a daƙiƙa ɗaya. Ba dole ba ne ɗan'uwa, 48 ta ishe ka, kar ka cika kwamfutarka a banza.

Sai wadda ta fi yawa, ta zo daga Kano, ta zo daga Jos. Suka ce idan sun latsa fayil a cikin manhajar haɗa kiɗa don su ɗan saurara kafin su jawo shi cikin aiki, sai murya ta yi kauri tana jan jiki, ko ta sirance tana gudu. Wani ma cewa ya yi kwamfutar an yi mata asiri. Haba malam, ba wanda ya taɓa ta!

Ku saurara da kyau. Kowane fayil yana da adadin gutsattsarin sauti da aka ɗauka a daƙiƙa ɗaya. Na waƙa yawanci 44,100 ne, na fim 48,000. Idan fayil ɗin 48,000 ne, katin sautinka, wato na'urar da ke fitar da sauti daga kwamfuta, kuma yana kan 44,100, kuma manhajar ba ta juya fayil ɗin zuwa lambar katin ba, to a hankali zai fito, kamar kaset ɗin da batirinsa ya yi sanyi. Waƙar minti 4 sai ta ƙaru da kusan daƙiƙa 21. In akasin haka ne, sai ta yi sauri. Na maimaita: fayil ɗinka lafiya lau yake, lambobin ne ba su dace ba.

Injiniya, me za ka ƙara?

"To, ai ita 44,100 ɗin ta hanyar faifan CD ta yaɗu, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982. Kunnen ɗan Adam iyakarsa wajen haz 20,000, wato karkarwar sauti sau 20,000 a daƙiƙa, kuma sai ka ninka abin da kake son kamawa. Shi ya sa ma masu harkar bidiyo..."

Injiniya ka tafi tarihi, su gyara suke nema.

"Gyaran mai sauƙi ne. A daidaita lambar aikin da ta katin sauti. Yawancin manhajoji suna juyawa nan take, amma wasu da gaggawa suke yi lokacin ɗanɗanawa don kar kwamfuta ta wahala, sai ka ji saman sautin bai fita tas ba. Kar a yanke wa fayil hukunci a nan. Manhajar Cubase, misali, yana ba ka zaɓin juya shi lokacin shigarwa. Ka amince."

Madalla. Ni kuma ga nawa faɗan: masu yi wa finafinan Kannywood waƙa, ku fara aiki a 48 tun daga farko. Abin yana damuna in ga mawaƙi ya sha wahala, a ƙarshe baki da murya sun raba hanya a allo.

Mai tambaya kan makirufo daga Zariya, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.