Yadda Ake Kwafar Fayil Daga Wata Na'ura Ba Tare Da Kwanan Watansa Ya Canza Ba

Masu kallo, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa kwaso hotunan shekara da shekaru daga wayarsa ko daga wata kwamfuta ta nesa, ya buɗe ya tarar kowane hoto yana ɗauke da kwanan watan yau, ya san takaicin da nake magana a kai, domin hoton suna da na aure sun cakuɗe, ba a san wanda ya riga wani ba.

Dalilin shi ne na'urar da ta karɓa sabon fayil take ƙirƙira, saboda haka lokacin da ta rubuta shi take sa masa, sai fa idan an umarce ta da ta ɗauko lokacin gyara na ƙarshe daga na asali.

Mai amfani da scp, wato umarnin kwafar fayil tsakanin kwamfutoci ta hanyar sadarwa, ya ƙara masa -p, wanda ke riƙe lokacin gyara da lokacin buɗewa da izinin fayil. Ni dai na fi amincewa da rsync, manhajar kwafa da daidaita fayiloli da Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. A nan -t ne ke riƙe lokaci, kuma yana ƙunshe a cikin -a, zaɓin da ke riƙe yawancin bayanan fayil a haɗe. Abin ya wuce batun tsari kawai, domin rsync girman fayil da lokacinsa yake dubawa kafin ya yanke cewa ya canza, don haka idan aka bar -t, a karo na gaba zai ɗauki kowane fayil tamkar an taɓa shi, ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya.

A wayar Android, adb pull, umarnin da ke kwaso fayil daga waya zuwa kwamfuta, tare da -a yana yin wannan aiki na riƙe lokaci. A Windows kuwa, umarnin kwafa na robocopy yana riƙe lokacin fayil da kansa, amma jakunkuna sai an ƙara /DCOPY:T.

A kula da katin memori mai tsarin FAT32, wanda yake ajiye lokaci da tazarar daƙiƙa 2, kuma ba ya rubuta yankin lokaci. Ƙara --modify-window=1 yana sa rsync ya yafe wannan ɗan bambanci.

Kafin ku goge na asali, ku duba fayil biyu ko uku da umarnin stat, mai nuna lokutan fayil, a ɓangarorin biyu, ku tabbata lokacin gyaran ya zo daidai.