Kilif ɗin fistin ya faɗa min cikin inji a Jidda, awa uku ina farautarsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Jidda. Ku yi haƙuri da yadda kuka gan ni, rigar nan tun safe take jiƙewa tana bushewa a jikina, kuma wallahi har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya ba. Bari in matso da shi kusa da kyamara. Kun gan shi? Wannan ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ke tafin hannuna, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, shi ne ya tsayar min da aiki yau tun hantsi har bayan azahar. Raina kama ka ga gayya kenan.

Kilif ɗin fistin ne. Ga wanda ba bakanike ba, shi fistin, abin nan da ke hawa da sauka a cikin bulon inji, yana haɗe ne da kwanrod, wato hannun ƙarfen da ke sada shi da karanshaf, sandar da ke juyawa a ƙasan inji, ta wani fil da ya ratsa su, to fil ɗin nan babu noti babu komai a jikinsa, kilif biyu ne kawai suke tare shi, ɗaya dama ɗaya hagu, don kar ya zame ya karce bulo. Riyal biyu nake sayensa. Riyal biyu fa, kuɗin kofin shayi.

Mashin ɗin ga shi can, na wani ƙanenmu ne ɗan Maraɗi, yana aikin kai abinci gidaje, irin waɗanda kuke gani da akwati a baya suna ratsa titin Falasɗinu da Tahliya. Mashin ɗin ƙirar Indiya ne mai inji 150, ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai kamar me, na ce masa ƙanena ringi ne, wato zoben fistin, kawo shi da sassafe in canza maka kafin azahar ka koma aikinka. Don su waɗannan yaran duk awar da mashin ya yi a tsaye asara ce, oda tana shigowa a waya yana kallo ba halin karɓa, ga kuɗin ɗaki ga na iƙama, wato takardar izinin zama, ga mutanen gida suna jiran aike.

Na kwance tof, wato kan inji, na zare bulo, na cire tsohon fistin lafiya lau. Dama na cusa tsumma a bakin kes ɗin, wato akwatin da ya rufe cikin inji, don kar wani abu ya faɗa ciki, kamar kullum, sai na zare shi don in kankare ragowar tsohon gaskit da ya manne, na share wajen tas, na ɗora sabon fistin na tura fil, na ɗauko kilif da filaya, kuma ban mayar da tsumman ba. Laifina ne ba na kowa ba. Ga gumi, wanda ya san Jidda ya san abin da nake faɗa, zafin nan ba irin na Kano ba ne mai bushewa, shi na nan damshin Bahar Maliya ne yake lulluɓe ka, hannu kullum santsi kamar ka shafa man gyaɗa. Ina danna kilif ɗin ya shiga gurbinsa sai ya yi tsalle ya kuɓuce daga bakin filaya. Na ji ƙyas, sannan wani ɗan ƙaramin sauti can ƙasa, sai shiru.

Innalillahi. Jikina ya yi sanyi nan take.

Duk da haka ban yarda ba tukuna, don abu na farko ka tabbatar ya shiga ne ko waje ya yi. Na hana kowa motsi, na kakkaɓe rigata, na duba aljihu, na duba cikin takalmi, muka share ƙasan nan kaf muka tara sharar na bi ta da maganaɗisu. Noti biyu da wata tsohuwar wosha muka samu, babu kilif. Shikenan, yana ciki.

Yaron nan sai ya miƙa ƙafa wajen kik, wai Baba bari in ɗan juya shi ko zai faɗo ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, daga baya sai da na ba shi haƙuri. Jama'a dan Allah ku riƙe wannan ko da ba ku riƙe komai ba a bidiyon nan, in abu ya faɗa muku cikin inji kar ku juya shi, kar ku taɓa kik, kar ku tura mashin yana cikin giya, a bar shi inda ya faɗi. Yanzu yana kwance ne a wajen da ƙila za ka iya kaiwa, kana juya karanshaf ka tura shi wani lungun da sai an raba inji biyu.

Sai ya ce to Baba a bar shi mana, a sa wani, ai ɗan ƙarami ne zai fito in an juye mai. Na ce zauna in gaya maka. Irin waɗannan mashina inji da giya da kuloci duk mai ɗaya suke sha, ɗaki ɗaya suke. Man nan yana yawo yana fantsama, inji yana juyawa sau dubu bakwai ko takwas a minti in ka matsa masa, ƙarfen nan kuma mai tauri ne irin na sifirin, ba ya narkewa ba ya niƙewa da sauƙi. Ranar da ya shiga tsakanin haƙoran giya ko dai ya karya haƙori ko ya cije, in ya cije tayar baya ce za ta ƙame, kai kuma kana tsakiyar titin Madina motoci suna gudu ta dama ta hagu. Na ce ni ba zan ɗauki alhakinka ba, ko za mu kwana a nan sai ya fito. Ya yi shiru ya koma ya zauna a kan galan.

Maƙwabcina na warsha, wato gareji, mutumin kirki ne ɗan Pakistan, ya leƙo ya ce mu'allim kar ka wahalar da kanka, sauke inji ka raba kes. To raba kes ba wasa ba ne, sai ka cire maginito, mai ba inji wuta, da abin jansa, ka cire kuloci, ka cire famfon mai, ka sayi sabon gaskit gaba ɗaya, yini guda cur, kuma a nan in ka kai wa wani wannan aikin kuɗin hannu kaɗai zai iya cin riyal ɗari uku. Abin da na lura da shi a ƙasar nan kenan tun zuwana, kayan aiki kam akwai, wallahi akwai, shiga sana'iyya, unguwar garejoji da masu kayan gyara, ka ga abin mamaki, amma haƙurin lallaɓa abu ya yi ƙaranci, abu kaɗan a ce cire a jefar a sa sabo. Mu kuma da muka tashi a inda sai ka yi dabara kafin ka ci abinci, hannunmu daban ne, ba yabon kai ba, duk layin nan in abu ya gagara ƙofata ake bugawa.

Na fara da juye baƙin mai, na tace shi ta cikin tsumma fari ko Allah zai sa ya biyo. Bai biyo ba. Na ciro rariyar mai na duba, babu. Na ɗauko maganaɗisun nan mai miƙewa kamar eriyar rediyo, riyal sha biyar na saye shi, na zura ta gefen kwanrod. Nan ne haushi ya fara kama ni sosai, don shi kes ɗin alminiyon ne maganaɗisu ba ya kama shi, amma karanshaf da kwanrod ƙarfe ne zalla, kana zurawa sai ka ji ƙap ya manne a jikinsu, ka fizge ka sake zurawa ya sake mannewa, ko rabin hanya ba ya kaiwa. Na fi minti arba'in ina wannan, gumi yana ɗiga daga haɓata cikin injin mutane.

Da na ga raina ya fara ɓaci sai na ajiye komai na tafi sallar azahar. Kuma wallahi ina alwala ogana ya faɗo min a rai, Allah ya jiƙansa ya kai haske kabarinsa. A garejinsa na koyi aikin nan a Kano, ƙarƙashin wata darbejiya, lokacin acaɓa tana tashe, Jincheng ko'ina, kafin a hana goyo a babur a farkon 2013 kasuwarmu ta karye. Mutumin nan ba ya barin yaro ya taɓa kilif sai ya ga tsumma a bakin kes da idonsa, in ka manta sai ka ji sifana a bayan hannunka. Ba shi da waɗannan kayan na zamani, tsohuwar lasifikar rediyo yake fasawa ya ɓalli ɗan gutsuren maganaɗisunta ya ɗaura a bakin waya. In kaya suka ƙare ya aike ni Ƙofar Ruwa a keke, in dawo in tarar mai fura ta zo an ajiye min nawa a inuwa. Kai jama'a, gida daɗi. Nan akwai tamis da ful da safe, akwai Albaik in aljihu ya yarda, amma ni dai ban ga abin da zai maye min furar nan ba. Da ma unguwannin da muke samun irin namu a nan Jidda, su Sabil da Karantina, tun rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 mutanenmu suka watse, wanda kuke shan shayi tare kullum yanzu sai a waya.

To in dawo kan magana. Da na dawo daga masallaci dabarar oga na yi, na ɗan gyara ta. Na samu wayar tagulla mai kauri, don ita tana lanƙwasuwa yadda kake so kuma ba ruwanta da maganaɗisu, na ɗaura ɗan ƙaramin maganaɗisu a bakinta, sannan na yanko guntun tiyon mai na sa masa kamar riga, bakinsa kawai na bari a buɗe. Kun ga yanzu gefensa ba zai dinga mannewa da karanshaf da ƙarfi ba, gaba kawai yake ja. Ga ta nan, ku duba, ba kyau gare ta ba amma ita ta yi aikin. Ku ɗaure shi da kyau fa, ku naɗe da salatif, don in maganaɗisun ya ɓalle a ciki kun ƙara wa kanku wata masifar da ta fi ta farko.

Maƙwabcin nawa, Allah ya saka masa, ya aro min 'yar kyamarar nan mai doguwar igiya da ake jonawa a waya, kanta kamar fensir da 'yan fitilu a baki, ya ce riyal sittin ya saye ta. Da farko ba na ganin komai, da ta taɓa mai sai hoton ya dushe, in zaro in goge in mayar. Sai na zuba gas kaɗan na ɗauraye cikin ya tsiyaye ta ramin juye mai, muka kwantar da mashin kaɗan gefen hagu, yaron yana riƙe da kai ni ina durƙushe. Ina juya kyamarar a hankali a hankali sai na hango wani ɗan baka yana ƙyalli can ƙasa, bayan kumatun karanshaf, ya kwanta a wani lungu ya manne da ragowar mai. Na ce kar ka motsa, ƙanena ko numfashi yi a hankali.

Sau huɗu ina kai waya tana wucewa ta gefensa. Na zaro na ƙara lanƙwasa bakin kamar ƙugiya, na yi bisimilla na sake zurawa, a na biyar na ji ɗan tik a yatsuna tun kafin in gani a hoton kyamara. Fitowar ma wani aiki ne, don in ya gogi karanshaf zai iya saɓulewa ya koma, sai da na yi kamar minti biyu ina janyo abin da bai fi tsawon hannu ba. Da ya fito yaron nan kabbara ya yi da ƙarfi har mutanen layi suka leƙo. Ni kuwa zama na yi a ƙasa daɓas, hannuna yana rawa, ina ta alhamdulillah.

Wani gargaɗin kuma, ni Allah ya taimake ni abin ƙarfe ne. In woshar tagulla ce ko ta alminiyon ta faɗa maka, maganaɗisu ba zai yi maka komai ba, sai dai ka shafa giris mai kauri a bakin waya ka danna ta manne, ko ka jona siririn tiyo a injin shara ka zuƙo. Kuma in ta ramin sarƙar tayimin abu ya bi, a injinan da sarƙar take gefen maginito, fara buɗe murfin nan ka duba, sau da yawa maganaɗisun maginito ne yake cafke shi.

Wannan kilif ɗin dai ba zai koma ba, ya riga ya sha filaya ya buɗe, kuma ni ko lafiyarsa lau ba na mayar da kilif ɗin da aka taɓa matsawa. Na cusa tsumma, har biyu na sa wannan karon, na sa sabo na juya bakinsa ya kauce wa ɗan yankan da ke jikin fistin, na tabbatar ya zauna a gurbinsa ta ko'ina. Tunda na zuba gas a ciki sai da na sa mai na tayar da shi minti kaɗan na juye, sannan na zuba wani sabo, riyal ashirin da biyar ta kuɗin man daga aljihuna ta fita, yaron ya so ya biya na ce a'a, ba kai ka zare tsumma ba.

Ku saurara ku ji yadda yake kaɗawa yanzu, ba hayaƙi ba ƙara. Ƙanena, kwana biyun nan kar ka matsa masa wuta, ka bar ringin ya zauna, in ka yi kilomita ɗari biyar ka dawo mu juye mai. Sa hular kwanonka ka tafi, ga oda can tana ta shigo maka, Allah ya tsare hanya.