Lacca: Neman adireshin suna da dig

To jama'a, kayan aiki uku na ce zan nuna muku yau: nslookup, host da dig. Na farko, nslookup, tare da Windows yake zuwa. Ka rubuta nslookup example.com, ya ba ka lambar IP, wato adireshin kwamfutar a intanet, shi ke nan. Host ma haka, ba shi da surutu.

Amma dig! Na baya, kuna hango allon? Ku matso. Kafin 1983, shekarar da Paul Mockapetris ya tsara DNS, tsarin da ke juya suna zuwa lambar IP, sunayen kwamfutocin ARPANET, wato kakar intanet, duk a fayil ɗaya suke, HOSTS.TXT, kowa ya sauke nasa kwafin. Yau kuwa babu mai riƙe da sunayen duka. Rubuta dig +trace example.com ka gani da idonka. Zai fara da sabobin tushe, wato kwamfutocin da ke saman tsarin DNS, masu sunaye 13, daga a zuwa m. Su ba su san adireshin ba, sai su ce je ka wurin masu .com. Masu .com su ce mu ma ba ya hannunmu, ga sabar mai sunan can. Sai a ta uku amsa ta fito. Kamar baƙo mai cigiyar gida, kowa na tura shi gaba. Ni wallahi ba na gajiya da kallon wannan abu, ba na gajiya. Kuma 13 ɗin nan sunaye ne fa, ba injina 13 ba. Bayan kowane suna akwai injina da yawa a ƙasashe daban-daban.

Na biyu... a'a, ina muka tsaya? Ku bar lissafin. Umarnin dig -x 8.8.8.8 yana juya tambayar, daga lamba zuwa suna, ya ce maka dns.google. Tambayar MX kuma ta neman sabar imel ce, ku gwada da kanku.

Na'am, malama? Ga waɗanda ba su ji ba: ta sauya adireshin shafinta, ita tana ganin sabon, ƙawarta na ganin tsohon. Malama, ki dubi lambar da ke tsakanin suna da IN a amsar dig. TTL ke nan, wato wa'adin riƙe amsa, da daƙiƙa ake ƙirga shi. In 3600 ne, sabar da ta riga ta tambaya za ta iya riƙe tsohuwar amsa har awa guda. Ki sake buga umarnin, za ki ga lambar na raguwa. Ki tambayi @1.1.1.1, ki tambayi @8.8.8.8, sabobin DNS ne na kowa da kowa, ki kwatanta. Nan gaba ki sauke TTL zuwa 300 tun ana gobe za ki yi sauyin. Whois kuma, mai nuna bayanan rajistar suna, sai wani zaman, ga shi ana ta nuna mini agogo.