Yadda Atam Ke Zama Ayon, da Yadda Ake Gane Cajinsa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Ku ɗebo gishiri kaɗan ku zuba a tafin hannu. Wannan farin garin da muke sawa a miya kullum, abubuwa biyu ne suka haɗu suka yi shi, kuma babu ɗayansu da mutum zai iya kaiwa baki. Na farko sodiyam, ƙarfe ne mai laushi, wuƙa na yanka shi kamar sabulu. In aka jefa ɗan guntunsa a ruwa sai ya dinga zagaye yana huci, wani lokaci har ya kama da wuta, shi ya sa a ɗakin gwaji cikin mai ake ajiye shi. Na biyu kulorin, iska ce mai guba, launinta tsakanin rawaya da kore. To me ya mayar da su gishiri? Ilektiron ɗaya tak ne ya yi ƙaura.

Ku dubi zanen da ke kan allo. A tsakiyar atam, wato ƙwayar sinadari mafi ƙanƙanta, akwai furoton masu cajin fulos, tare da nutiron da ba su da caji. Daga waje kuma ilektiron masu cajin mainos suna zaune falle-falle, kamar ɓawon albasa. Sodiyam yana da furoton 11 da ilektiron 11, don haka kowane fulos ya sami mainos ɗinsa, lissafi ya tashi sifiri. Ilektiron ɗin nan kuma ga yadda suka jeru: 2 a fallen farko, 8 a na biyu, 1 shi kaɗai a na uku.

Wannan na ƙarshen yana nesa da tsakiya, riƙon da aka yi masa sako-sako ne. Shi kuwa kulorin jerinsa 2, 8, 7, saura ɗaya fallensa na waje ya cika 8. Da sun haɗu, ilektiron ɗin sodiyam sai ya koma wajen kulorin. Yanzu mu sake ƙirga. Sodiyam: furoton 11, ilektiron 10, fulos ya yi rinjaye da ɗaya, sai mu rubuta Na⁺. Kulorin: furoton 17, ilektiron 18, ya zama Cl⁻. Atam ɗin da ya sami caji ta wannan hanya shi ake kira ayon, sunan da Michael Faraday ya shigo da shi kimiyya a Ingila a 1834. Fulos da mainos kuwa jan juna suke yi, wannan jan shi ya ɗaure kowace ƙwayar gishiri, ko na teku ne ko na Bilma.

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, kuma ba laifinsu ba ne. Sukan ce: Malam, ya za a yi wanda ya rasa ya zama fulos? Ku ɗauki ilektiron kamar bashi. Wanda aka sauke wa bashin naira ɗari, aljihunsa gaba ya yi. Wanda aka ɗora wa, baya ya yi. Don Allah ku riƙe wannan kuma: furoton ba sa motsi. Da za a taɓa adadinsu, da sinadarin ma ya zama wani daban. Caji kullum adadin furoton ne a ɗebe masa adadin ilektiron.

Yanzu ga inda abin ke da daɗi. Ba sai kun haddace cajin kowane sinadari ba, jadawalin sinadarai zai gaya muku. Tun 1869 Mendeleev na Rasha ya jera masu hali iri ɗaya a layi ɗaya, tun ma ba a gano ilektiron ba. A jadawalin yau, kowane layi daga sama zuwa ƙasa shi ake kira rukuni. A ƙarshen dama akwai su niyon da agon, fallensu na waje a cike yake, ba su cika shiga harkar kowa ba. Sauran sukan bi hanya mafi kusa su yi kama da su. 'Yan rukuni na 1, irin su sodiyam da fotasiyam, ilektiron ɗaya gare su a waje, sukan ba da shi su zama +1. 'Yan rukuni na 2, magnesiyam da kalsiyam, +2. Aluminiyam, wanda ake ƙera tukwanenmu da shi, jerinsa 2, 8, 3, sai ya zama +3. A ɗaya ɓangaren kuma karɓa ake yi: 'yan rukuni na 17, irin su kulorin, su zama −1, oksijin da ke na 16 ya karɓi biyu ya zama −2, naitirojin −3. Kabon da ke tsakiya da ilektiron 4 a waje, bayarwa da nisa, karɓa da nisa, shi yawanci tarayya yake yi da wasu, wannan kuma darasin wata rana ne.

Akwai inda wannan dabara ba ta isa, wato ƙarafan da ke tsakiyar jadawali. Baƙin ƙarfe yakan zama Fe²⁺, yakan kuma zama Fe³⁺. Na farkon shi ne a cikin jininku yake ɗaukar oksijin daga huhu, na biyun shi ne jar tsatsar da kuke gani a tsohon kwanon rufi. Irin waɗannan, abokin haɗinsu ake duba. Mu ɗauki Fe₂O₃. Oksijin uku, kowanne −2, jimla −6. Dole gaba ɗaya lissafi ya tashi sifiri, ke nan ƙarfe biyun ne za su kawo +6, kowanne +3. A takardar jarrabawar WAEC za ku ga an sa lambar Romawa III kusa da sunan, ma'anarta ke nan.

Yanzu ku tsayar da bidiyon, ku ɗauko biro da takarda. Kalsiyam yana da furoton 20, salfa tana da 16. Ku jera ilektiron ɗin kowanne falle-falle, ku fitar da cajinsa, sannan ku duba kalsiyam nawa zai haɗu da salfa nawa kafin lissafi ya tashi sifiri.